Kafin Ka Danna Tura: Yadda Ake Tantance Labarin Waya, Manhaja Da Intanet

Duk mai riƙe da babbar waya a Jos ya san irin waɗannan saƙonni. Za a rufe WhatsApp ƙarfe sha biyun daren yau. Gwamnati za ta toshe duk layin da bai yi kaza ba kafin Juma'a. Akwai wata lamba, in ta kira ka ka ɗauka, sai dai wani ba kai ba. Wani kamfanin waya na rabon data kyauta don murnar cika shekaru. Daga zauren 'yan uwa su faɗa na tsofaffin ɗalibai, daga can su isa teburin mai shayi a Bauchi Road, kafin la'asar an kaure da musu a kansu a kasuwar Terminus, kowa na rantsuwa kamar a gabansa aka yi.

Abin da ya sa suke da wuyar kamawa shi ne yawancinsu ba zunzurutun ƙarya ba ne. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Abin da aka yi musu kawai, an yanke musu abubuwa uku a hanya: yaushe abin ya faru, a ina ya faru, kuma wa ya faɗa. Aikin mai tantancewa shi ne ya nemo waɗannan ukun ya mayar wa labarin. Ba sai da kwamfuta ba, ba kuma sai wanda ya karanta ilimin na'ura a jami'a ba. Tecno ko Itel ɗin da ke aljihunka da 'yar data kaɗan sun wadatar.

Mutanen Filato kuwa ba sai an yi musu dogon bayani a kan illar abin ba. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya saƙo ya karaɗe ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwaye suka riƙa tashin 'ya'yansu da asuba. Rahotanni suka ce aƙalla mutum biyu sun rasu, an kwantar da wasu a asibiti. Ebola ba ta taɓa tako Filato ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya. Gishirin ne ya kwantar da mutane.

Da farko, karanta saƙon kamar ba ka san wanda ya turo ba

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi, kuma shi aka fi tsallakewa, saboda saƙon daga yayarka ya zo, ko daga limamin unguwa, ko daga wani da kake ganin girmansa. Ajiye sunan mai turowa gefe. Shi ma turo masa aka yi.

Duba saman saƙon. In ka ga kibiya biyu a jere, WhatsApp na sanar da kai ne cewa saƙon ya bi ta hannuwa aƙalla biyar kafin ya iso gare ka. Kamfanin da kansa ya ga ɓarnar irin wannan yawo, shi ya sa a Janairun 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 kuma ya mayar da mai kibiya biyu zuwa wuri ɗaya tak. Kibiya biyu ba hujjar ƙarya ba ce, amma tana nufin babu wanda ka sani da ya ga asalin abin.

Sai ka dubi harshen saƙon. Sanarwar gaske tana ɗauke da rana da wata da shekara. Ta bogi "gobe" take cewa, ko "daren yau", domin ta yi aiki a kowace rana aka karanta ta. Sanarwar gaske ba ta roƙon ka tura wa mutum ashirin, ba ta haɗa ka da Allah, ba ta ce maka "kada ka bari ta tsaya a wajenka". In saƙo ya ce BBC ce ta sanar amma bai kawo adireshin labarin ba, ka ɗauka ba ta sanar ba har sai ka gani.

Nemo ranar da abin ya faru

A nan ne mafi yawan labaran suke faɗuwa, don haka a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kaso mai yawa na abin da ke yawo ɗumame ne: tuwon jiya aka ɗora a wuta aka kawo maka da zafinsa.

Ɗauki maganar haɗa layi da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Gaskiya ne a Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗawa. Gaskiya ne an yi ta ɗage wa'adi. Gaskiya ne ranar 4 ga Afrilun 2022 an hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, kuma hukumar sadarwa ta NCC ta sa 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Kowace daga cikin waɗannan sanarwoyi ta bar takarda mai tambarin hukuma a wayoyin mutane. Yau wani zai ɗauko ta 2021, ya yanke wajen kwanan watan, ya saka a zaure, gobe ka ga layi a gaban shagunan rajista. Alhali amsar tana yatsanka: danna *996# ka bi umarnin da zai fito, ka ga matsayin layinka. In lambar NIN ɗin ce ka manta, *346# ne a kan layin da ka yi rajista da shi.

Haka labarin "an dakatar da Twitter a Najeriya". An dakatar ɗin, a farkon Yunin 2021, aka kuma ɗage a ranar 13 ga Janairun 2022. Haka "CBN ya haramta wa bankuna hulɗa da kuɗin kirifto": umarnin na Fabrairun 2021 ne, kuma CBN ɗin, wato Babban Bankin Najeriya, ya janye shi a Disambar 2023. Wanda ya turo maka ɗayan waɗannan a yau bai yi ƙarya a kan faruwar abin ba, amma ya bar ka da fahimtar da ba haka take ba.

Ga yadda za ka yi. Ciro kalmomi uku ko huɗu mafi nauyi daga saƙon, misali sunan hukumar, abin da aka ce za ta yi, da sunan manhajar. Rubuta su a Google. Kada ka kwafi saƙon gaba ɗaya, domin in ka yi haka sau da yawa shafukan da suka kwafi ƙaryar ne za su fito maka. In saƙon da Hausa yake, gwada da Hausa, sannan ka sake gwadawa da Turanci, saboda kusan duk sanarwar hukumomin Najeriya da ta kamfanonin fasaha da Turanci take fara fitowa. Shiga sashen labarai na sakamakon binciken ka dubi kwanan watan da ke ƙarƙashin kowane kanu.

Akwai wata 'yar dabara da ke rage wahala. Bayan kalmomin, ƙara before:2024-01-01, ko duk ranar da ka ga dama a wannan tsari na shekara, wata, rana. Google zai nuna maka abin da aka wallafa kafin wannan rana kaɗai. In labarin da aka ce na "jiya" ne ya fito a can, magana ta ƙare. Ita ma "lambar da ke kashe mutum" haka za ka same ta: tun Satumban 2011 ta tayar da hankali a Najeriya, har NCC ta fito ta ce babu yadda za a yi kiran waya ya kashe mutum. Lambar kawai ake sauyawa duk bayan 'yan shekaru.

Wani lokacin kuma labarin na yanzu ne, amma an kumbura shi. "WhatsApp zai daina aiki a wayoyi" yana fitowa kusan duk ƙarshen shekara. Gaskiyar ita ce kamfanin yakan daina tallafa wa tsofaffin tsarin waya. Tun Oktoban 2023, alal misali, wayar Android da ba ta kai siga ta 5.0 ba ta fita. Shiga saitin wayarka, gangara ƙasa zuwa bayanan waya, ka duba sigar Android ɗinka. Yawancin wayoyin da aka saya a 'yan shekarun nan sun wuce nan nesa ba kusa ba.

Wa ke da hurumin faɗar wannan magana?

Kowane irin labari yana da gidansa. Maganar layi, kuɗin kira da data, da 5G ta NCC ce. Lambar ɗan ƙasa ta NIMC ce. Banki, POS da eNaira na CBN ne. Zuba jari na hukumar SEC ne. Manhajojin ba da bashi da haƙƙin mai saye na FCCPC ne. Sauran harkokin fasahar zamani na gwamnati kuma NITDA. In saƙo ya ce "gwamnati ta ce" bai ambaci hukuma ba, ka tambayi kanka wace hukuma ce ya kamata ta faɗa, ka je shafinta. Adireshin hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa.

Karanta adireshi fasaha ce da ya kamata kowa ya iya, don a nan 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Ka dubi waɗannan biyun:

ncc.gov.ng/media

ncc.gov.ng.rabonkyauta.xyz/data

Ido na gudu zai ga duka da sunan NCC suka fara. Amma mai gidan ba a farko yake ba. Tsallake https:// in akwai shi, ka nemo layin karkace na farko, wato /, ka karanta abin da ke gabansa daf da shi. A na farko, ncc.gov.ng ne. A na biyu, rabonkyauta.xyz ne, sunan hukumar ado kawai aka yi da shi a gaba, kuma kowa na iya yin haka da kuɗi kaɗan. Lura kuma da haruffan da aka musanya, kamar sifili a madadin harafin o, ko harafi ɗaya da aka ninka. Ɗan kwaɗon da wasu burauza ke nunawa a gefen adireshi bai ce shafin na mutanen kirki ba ne. Abin da yake nufi kawai shi ne hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take. Ɓarawo ma yana iya samunsa kyauta.

Shafin rabon data na bogi kuwa kusan salo ɗaya gare su. Za a tambaye ka layinka, a nuna maka sharhin mutanen da wai sun samu, sannan a ce sai ka tura wa zaure biyar kafin a ba ka. Da zarar ka ga wannan sharaɗi na ƙarshe, rufe shafin. Babu kamfanin sadarwar da ke rabo ta haka. In kana da kokwanto, kira 300 ka yi magana da kamfanin layinka. In su ne suka cuce ka suka ƙi sauraronka, 622 lambar ƙorafi ce ta NCC, kyauta.

Bayan hukuma, akwai waɗanda tantance labari shi ne aikinsu, irin su Dubawa da ke wallafawa har da Hausa, da Africa Check, da FactCheckHub. Rubuta kalmomin labarin ka haɗa da sunan ɗayansu. Sau da yawa za ka tarar sun riga ka.

Hoto da bidiyo

Mun taso da jin cewa gani ya kori ji, kuma da wannan ake cutar mu yanzu. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin yankin Gashish a ƙaramar hukumar Barkin Ladi, munanan hotuna sun yi yawo a Facebook ana cewa daga can suke. Binciken da BBC ta fitar daga baya a wannan shekarar ya gano cewa wasunsu ba su da alaƙa da wurin. Ɗaya daga cikin bidiyon ma a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Rikicin gaskiya ne, an yi asarar rayuka, amma hotunan aro sun ƙara wa wutar fetur. Wanda ya zauna a Jos a irin waɗannan ranaku ya san abin da hoto ɗaya zai iya jawowa wanda ya fito neman abincinsa a unguwar da ba tasa ba.

Binciken hoto ba ya ɗaukar minti biyu. Ajiye hoton a wayarka. Buɗe manhajar Google, ka taɓa alamar kyamara da ke gefen wajen rubutu, wato Google Lens, ka zaɓi hoton. Zai kawo maka wuraren da hoton ko mai kama da shi ya taɓa fitowa. Abin da kake nema shi ne mafi tsufa. In Lens bai gamsar da kai ba, shafin TinEye yana ba ka damar jera sakamako daga mafi daɗewa. In bidiyo ne, tsayar da shi a wurin da hoto ya fito sarai, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika wannan. Gwada wurare biyu ko uku na bidiyon, don wani lokacin na farko ba ya kawo komai.

Kafin ma ka kai ga na'ura, yi amfani da sanin garinka. An ce a Jos ne: ina duwatsun? Wane launi ne keken haya? Lambar motocin ta ina ce? Da wane harshe aka rubuta allunan shaguna, kuma wane yare ake ji a bayan mai ɗauka? An ce jiya aka ɗauka, muna tsakiyar hunturu, amma ciyawa shar a hoton, ƙasa jiƙe da ruwan sama. Wannan kaɗai ya isa.

Hoton fuskar waya na wani rubutu da aka ce wani babba ya wallafa shi ne mafi raunin hujja. Yaro ɗan sakandare zai haɗa maka irinsa kafin ka shanye shayinka. Je shafin mutumin da kanka ka gani. In an ce ai ya goge, manyan jaridu za su kawo labarin gogewar in har mutumin ya kai a damu da maganarsa.

Sai kuma sabon babi, na ƙirƙirarriyar basira. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, kayan haɗa murya da fuska sun yi arha. Za ka ga bidiyon wani attajiri ko mai karanta labarai da ka sani yana tallar wata hanyar zuba kuɗi, da muryarsa. Ana ba da shawarar a lura da motsin leɓe da ƙiftawar ido, kuma babu laifi, amma ni ban ɗora dogaro a kan wannan ba, saboda kayan suna ƙara gogewa kullum. Tambayar da ba ta tsufa ita ce: in da gaske wannan mutum ya faɗi haka, me ya sa babu shi a shafinsa, babu a kowace jarida, sai a wani asusu da aka buɗe watan jiya? Kuma kada ka mayar da Meta AI da ke cikin WhatsApp ko ChatGPT alƙalinka. Suna taimakawa wajen fassara sanarwa ko bayyana kalma mai wuya, amma suna iya shirga maka abin da babu shi cikin natsuwa da tsararren lafazi. In sun ba ka amsa, nemi inda suka samo, ka buɗe ka gani.

Gaskiya ne, amma a ina?

Labarin fasaha yawanci daga waje yake tasowa, kuma a hanya sunan ƙasar yakan faɗi. "An haramta TikTok" gaskiya ne a Indiya tun Yunin 2020. A Amurka ma ya ɗauke na wasu sa'o'i a Janairun 2025 kafin ya dawo. Babu ɗayansu da ya taɓa wayar mai sayar da dankali a Farin Gada. A Afrilun 2020 an ƙona turakun sadarwa a Ingila saboda jita-jitar cewa 5G ke kawo korona, jita-jitar kuma ta iso nan da ƙarfinta, alhali a lokacin ba a ma sayar da lasisin 5G a Najeriya ba. Sai a Disambar 2021 aka yi gwanjonsa, kamfanonin MTN da Mafab suka samu.

In sabis ya ɗauke kuma, kafin ka yarda cewa gwamnati ce ta kashe, tambayi wanda ke kan wani layin, ka kuma gwada buɗe wasu shafuka. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duk duniya na kusan awa shida saboda kuskuren saiti a cikin kamfanin. Ranar 14 ga Maris 2024 intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabta, har harkar banki ta tsaya cak a wurare, saboda wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace ta wajen gaɓar Kodebuwa. Katse sadarwa da gangan yana faruwa, an yi a Zamfara a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, amma wancan labari ne da manyan kafafe duka suka ɗauka, ba a saƙon murya ya tsaya ba.

In saƙon ya zo da abin saukewa ko ya nemi lamba

Duk abin da ya gabata, in ka yi kuskure, kunya za ka ji. A wannan kuwa asusunka ko kuɗinka ne za su tafi.

Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .apk manhaja ce, ba takarda ba ce, ba hoto ba ne, ko da an rubuta masa "katin gayyata" ko "sunayen waɗanda suka samu tallafi". Kada ka buɗe. Manhaja daga Play Store ake saukewa, a can ma ka duba sunan kamfanin da ya yi ta da yawan waɗanda suka sauke. GBWhatsApp da 'yan uwansa, da matasa ke so don ɓoye alamar karantawa da ganin saƙon da aka goge, ba na kamfanin WhatsApp ba ne, ba ka san wanda ke riƙe da saƙonninka ba, kuma ana rufe lambobin masu amfani da su. Bayan saukewa, dubi izinin da manhaja ke nema. Manhajar tocila ba ta da abin yi da lambobin mutanenka. Masu ba da bashi ta waya sun yi amfani da wannan izini wajen tozarta mutane a gaban danginsu, har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023.

Satar WhatsApp kuwa ga yadda take zuwa. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunan zauren da kake ciki, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Lamba shida ce ta shigo ta tes. Ba ta taro ba ce, mabuɗin asusunka ce. Da ka karanta, an fitar da kai, sai 'yan uwanka su fara samun saƙo da sunanka cewa kana asibiti a taimaka da dubu ashirin.

Toshe wannan ƙofa yau. Shiga saitin WhatsApp, ka taɓa sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Zaɓi lamba shida da ba shekarar haihuwarka ba ce, ka saka imel ɗin da kake iya buɗewa. Sannan ka leƙa sashen na'urorin da aka haɗa, ka cire duk wadda ba ka gane ba. In an riga an sace, sake shigar da lambarka a WhatsApp, sabuwar lamba shida za ta zo ta tes, shigar da ita zai kori ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, za ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi ma an riga an fitar da shi. Cikin wannan lokaci ka kira mutanenka ta waya ka gargaɗe su.

Maganar manhajar da ke ninka kuɗi ba ta buƙatar dogon bincike. MMM ta daskare a Disambar 2016, CBEX ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kuma a duka biyun akwai waɗanda aka biya da farko suka zama masu jawo wasu. Shaidar "ni an biya ni" ba hujja ba ce, ginshiƙin tsarin ce. Duba shafin SEC ko kamfanin na da rajistar karɓar jarin mutane. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, rajistar suna ce kawai.

Tambayi mai sani, amma a kan abin da ya sani

Masu gyaran waya na kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello taska ne. In ana cewa wata sabuntawa tana kashe batir ko tana sa wata waya zafi, su ne za su fara gani, don wayoyin kan teburinsu suke zuwa. Tambayar da za ka yi ita ce, "Maigida, irin wannan matsalar ta zo hannunka?" Amma a kan manufar CBN ko shari'ar gwamnati da Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, shi ma a zaure ya karanta kamar kai. Lokacin da FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, an yi ta yaɗa cewa WhatsApp ya tattara zai bar Najeriya, har wasu suka fara kwashe lambobi zuwa Telegram. Tarar gaskiya ce, tafiyar ce ba ta faru ba.

Gyara ba tare da ka ci fuskar kowa ba

Ka gama bincike, ka gano saƙon na 2021 ne, kuma ƙanin mahaifiyarka ne ya saka shi a zauren dangi. In ka rubuta "wannan ƙarya ce" a gaban 'ya'yansa da surukansa, ka yi nasara a hujja, ka kuma tabbatar ba zai janye ba. Bi shi ta gefe.

"Kawu, barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Saƙon nan na rufe layi da kuka turo, na je shafin hukumar na duba don in san abin da za mu yi wa layin Hajiya. Ashe tsohuwar sanarwa ce, ta shekarun baya. Ga ta nan da kwanan watanta."

"To, ai ni ma Alhaji ne ya turo min, kuma ka san shi ba ya wasa."

"Haka ne, Kawu, shi ma na tabbata turo masa aka yi. An yanke wajen kwanan watan ne. Ko za ku sanar da mutane, kada su je su ɓata kuɗin mota?"

Ka ba shi hujjar, ka kuma bar masa girman sanarwa. In ya ce kai ka rubuta, rubuta gajere: abin da saƙon ya ce, abin da ka samu, da adireshin inda ka samu. Kada ka sake liƙa hoton ƙaryar ba tare da ka rubuta a jikinsa cewa ba gaskiya ba ne, don wani zai tsallake bayaninka ya kwashi hoton ya yi gaba. Wanda ya tura yana da kusan kwana biyu da zai iya goge saƙo ga kowa, shugaban zaure ma yana da ikon goge na wani.

A nan ladabi yana da iyaka. In saƙon na cewa an kai hari a wata unguwa, ko yana nuna hoton wani ana kiransa ɓarawon yara ko ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, ba a jiran a bi ta gefe. Kira shugaban zauren nan take ya cire shi, sannan a kira wanda ke zaune a unguwar a ji. Doka ma ta shigo nan: sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da ya kai shekara uku, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne don tayar da hargitsi ko jefa rayuwa cikin haɗari.

Wani lokacin za ka bi duk matakan nan ka rasa tabbaci ko ta wane ɓangare: babu a shafin hukuma, babu a jarida, babu wanda ya ƙaryata. Yawanci hakan na nufin labarin bai wuce awa ɗaya ko biyu da fitowa ba. Bar shi a wayarka, ka sake bincikawa da daddare ko washegari da safe. Sanarwar da ta shafi layukan miliyoyin mutane ko kuɗinsu a banki ba ta kwana ba tare da ta fito a rediyo ba, kuma kamfanin layinka ko bankinka zai turo maka tes da sunansa.